Izinin Gari da Yardar Mutum: Darasin Gwajin Trovan a Kano ga Ɗa'ar Binciken Lafiya

Gabatarwa

Duk lokacin da masu binciken lafiya suka bar ƙasarsu suka je aiki cikin al'ummar da ba tasu ba, tambaya guda takan taso: shin ƙa'idojin da aka rubuta a Turai da Amurka don kare waɗanda ake gwaji a jikinsu sun dace da mutanen da tsarin zamansu ya sha bamban? Masana sun kasu biyu a kan amsar. Wasu sun ce ƙa'ida ɗaya ce a ko'ina, a kawo takardar amincewa, a karanta, a sa hannu. Wasu kuma sun ce a Afirka mutum ba ya yanke shawara shi kaɗai, saboda haka in sarki ko dattawa ko maigida sun amince, magana ta ƙare. Wannan maƙala ba ta gamsu da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Matsayinta shi ne al'ada tana da cikakken ikon tsara hanyar da za a bi a nemi yardar mutum, wato wa za a fara gaisarwa, da wane harshe za a yi magana, a ina za a zauna, kwana nawa za a ba shi ya yi shawara, amma ba ta da ikon yafe yardar ko miƙa ta ga wani. Abin da za a auna kariya da shi kuwa shi ne ko mutumin zai iya cewa a'a ya tashi ba tare da ya rasa komai ba. Za a gina hujjar a kan abin da ya faru a Kano a 1996, domin shi ne misalin da ya fi kusa da mu, kuma har yau ana koyar da shi a azuzuwan ɗa'ar bincike a ƙasashe da dama.

Kafin a zo Kano, yana da kyau a tuna daga inda ƙa'idojin suka samo asali, domin tarihin kansa yana rusa wani zato da ya yaɗu. Dokar Nuremberg ta 1947 ta fito ne daga shari'ar likitocin Nazi, kuma sharaɗinta na farko daga cikin goma shi ne yardar mutum ta son ransa. Sanarwar Helsinki ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta biyo baya a 1964, sannan Rahoton Belmont na Amurka a 1979, wanda ya tsaya a kan girmama mutum, da neman amfaninsa, da adalci wajen zaɓar waɗanda za a yi gwaji da su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta saboda saɓanin al'adu. Jamus tana da ƙa'idar gwamnati da ta wajabta neman yarda tun 1931, kuma ba ta hana abin da ya faru a sansanonin Nazi ba. A Tuskegee ta jihar Alabama, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere daga 1932 zuwa 1972 ba tare da ta gaya musu ainihin cutarsu ba, ta kuma hana su maganin fenisilin bayan an tabbatar yana warkarwa. Likitocin da waɗanda aka cuta 'yan ƙasa ɗaya ne masu harshe ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana da iko da ilimi da kuɗi, ɗayan ba shi da su. Wannan ya kamata ya sa mu yi taka-tsantsan duk lokacin da aka ce mana matsalar bincike a ƙasashenmu matsalar al'ada ce, domin sau da yawa talauci ne da rashin iko aka sauya wa suna.

Kano, 1996

A farkon 1996 annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Nijeriya, ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, don gwada sabon maganinta mai suna Trovan. An sa yara kimanin 200 a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone, wanda sananne ne wajen maganin sanƙarau, amma bayan allurar farko an rage yawan da ake ba su ƙasa da abin da aka saba. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. A harabar wannan asibitin dai, likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ba da maganin da aka riga aka amince da shi kyauta. Bayan 'yan makonni tawagar ta koma gida alhali annobar ba ta lafa ba. Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a Disambar 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Daga nan aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, an rubuta ta ne daga baya, kuma asibitin koyarwar da sunansa ke kanta ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa doka, sai dai rahotonsa bai fito ba sai da jarida ta fallasa shi a 2006.

Adalci ya wajabta a faɗi matsayin kamfanin. Pfizer ta dage cewa ma'aikatan jinya 'yan gari sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun kuma karɓi yardarsu da baki, cewa cutar ce ta kashe yaran kuma ita ta nakasa waɗanda suka nakasa, kuma cewa yawan waɗanda suka rayu a gwajin ya fi na sauran masu jinya a annobar. Lokacin da ta sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, ba ta amsa laifi ba. Iyayen kuwa sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, ba a gaya musu za su iya ƙi ba, ba a kuma gaya musu akwai magani tabbatacce a gefe ba. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan abin da ya kashe kowane yaro. Abin da ya shafe ta shi ne ko da an ɗauki maganar kamfanin yadda take, tambayar yarda tana nan a tsaye. A yi tunanin uwa ta taho daga unguwa ko ƙauye da ɗanta a goye, wuyansa ya sanƙare, jikinsa ya yi zafi rau, ta ga waɗanda suka riga ta zuwa ana fitar da gawarwakin 'ya'yansu. Wani mai farar riga ya ce mata akwai magani, ta yarda a ba shi? Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amsar da ta bayar a wannan hali ba za ta zama yarda ba sai in an faɗa mata abubuwa uku a sarari: cewa ba a gama sanin amfanin wannan magani da illarsa ga yara ba, cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda ɗanta zai samu ba likita ba, kuma cewa in ta ƙi, ga inda za a yi masa magani nan take. Babu abin da ke cikin al'adar Hausa da zai hana uwa gane waɗannan abubuwa uku. In ba ta gane ba, daga mai bayani ne.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ɓarnar ba ta tsaya a kan iyalai 200 ba. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta taƙaita amfani da Trovan saboda illarsa ga hanta, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da allurar rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata ta. Zargin bai tabbata ba, kuma dalilan ƙauracewar suna da yawa, har da na siyasa, amma labarin Trovan yana cikin abin da masu ƙin ke kafa hujja da shi, kuma hujja ce da ba wanda ya iya ce musu ƙarya ce. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yulin 2004, bayan an samo allurar daga Indonesiya, a lokacin kuwa cutar ta riga ta tsallaka iyakoki ta koma ƙasashen da suka rabu da ita. Ta fuskar shari'a, a ƙarar da iyayen suka kai kamfanin, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a Janairun 2009 cewa haramcin yin gwajin magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya zama ƙa'idar da al'ummun duniya suka yi tarayya a kanta. Iyalai huɗu na farko ba su karɓi diyya ba sai a 2011, shekara 15 bayan gwajin, kuma sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta don tantance su, saboda waɗanda suka fito neman diyya sun ninka waɗanda aka yi gwajin da su. Da an ajiye sahihin rubutu na wanda aka nemi yardarsa, da wanda ya shaida, da ba a kai ga wannan wulaƙanci na biyu ba.

Inda al'ada take da hurumi

Kuskure ne a ɗauka daga labarin Kano cewa maganin matsalar shi ne takarda. Takardar amincewa mai shafi goma sha biyar, wadda lauyoyin kamfani suka rubuta da Turanci aka fassara ta kalma da kalma, kamfanin take karewa. Mutumin da aka shafa wa tawada a babban yatsa aka dangwala a ƙasan shafin da bai karanta ba, bai yarda da komai ba, kuma a wurare da yawa dangwala yatsa yana tuna wa mutane kotu ne ko cinikin gona, har ya sa mai niyyar shiga ya ja da baya. A nan ne al'ada take da babbar murya. Baƙon da ya shiga gari bai gaida mai unguwa ko dagaci ba ya yi rashin ladabi, kuma duk wanda ya saurare shi ya ɗauki nauyin zargi. Mace mai aure a gidan kulle ba za ta saki jiki ta yi tambaya a gaban baƙon namiji ba, sai an tura mata mace. Dattijon da aka rubuta a rajista cewa bai iya karatu ba, mai yiwuwa yana karanta ajami sarai, kuma ba a taɓa tunanin rubuta masa takardar da shi ba. Masu binciken zazzaɓin cizon sauro a Bandiagara ta Mali, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ogobara Doumbo, sun bayyana a 2005 yadda suke bin mataki-mataki, su fahimci tsarin garin, su gana da shugabanni a taro da kuma a gidajensu, su zauna da masu maganin gargajiya, kafin su tunkari kowa. Abin lura a aikinsu shi ne bayan duk wannan, sai sun koma sun nemi yardar kowane mutum shi kaɗai. Izinin gari yana buɗe ƙofar shiga ne kawai. Haka ma ƙa'idojin majalisar CIOMS, mai aiki tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tanada: a nemi izinin shugaban al'umma inda al'ada ta buƙaci haka, amma ba ya maye gurbin yardar mutum.

Akwai wani abu a zamantakewarmu da takarda ba ta iya gani, kuma a ganina shi ne mafi haɗari, wato kara da kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a kunyata baƙo, ba a musa wa babba a bainar jama'a, ba a ce wa likita a'a ido da ido. Mutum zai amsa da "to" alhali zuciyarsa ba ta so, yana nufin daga baya ya zame. In aka tara mutane a ƙofar gidan dagaci, ya ce waɗannan bayin Allah alheri suka kawo mana, sannan aka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu, ba hannun da zai tashi. Mai binciken da ya rubuta cewa kowa ya amince bai yi ƙarya ba a zahiri, amma ya ci ribar kunyar mutane. Ma'anar wannan ita ce sanin al'ada yana ƙara wa mai bincike nauyi. Dole ya raba wurin bayani da wurin amsa, ya bar mutum ya kwana ya yi shawara da nasa, ya sa wanda zai karɓi amsar ya zama ba likitan da ke duba shi ba ne kuma ba yaron sarki ba, ya tsara abin ta yadda wanda bai so ba zai iya ƙin zuwa kawai ba tare da an bi shi gida ba, ba tare da sunansa ya kai kunnen mai unguwa ba. Misalin ƙabilar Havasupai ta Arizona yana ƙarfafa wannan ta wata fuskar. Sun ba da jininsu tun daga 1990 don binciken ciwon sukari, daga baya suka ji an yi amfani da shi wajen binciken taɓin hankali da asalin ƙabilarsu, abin da ya ci karo da aƙidarsu. A 2010 jami'ar da ta yi binciken ta biya su dala 700,000 ta kuma mayar musu da jinin. Duk inda aka ɗauki al'ada da gaske, ƙarin sharuɗɗa take kawowa a kan mai bincike. In ka ji ana kiran sunanta don a rage sharaɗi, a duba wa ke cin moriyar ragin.

Amsa ga masu suka

Suka mafi ƙarfi ita ce wadda ke cewa wannan magana ta yardar mutum ɗaya tunanin Turawa ne, kuma ɗora ta a kan al'ummar da ke yanke shawara a dunƙule wani sabon mulkin mallaka ne. Akwai gaskiya a cikinta, domin ba wanda ke rayuwa shi kaɗai, kuma ƙa'idar da ta hana mutum shawara da danginsa ta jahilci ɗan Adam. Amma shawara daban, mallaka daban. A fiƙihun da yawancin Hausawa ke bi, ciniki ba ya inganta sai da yardar masu shi, tilas yana ɓata shi, haka ma jahiltar abin da ake saye, ɓoye aibin haja kuma haramun ne. In shari'a ta hana a sayar wa mutum akuya a ɓoye masa ciwonta, da wace hujja za a ce al'adarsa ta yarda a ɗura wa ɗansa maganin da ba a gama sani ba a ɓoye masa? Dagaci yana iya raba gona, yana iya sasanta rikici, amma ba a taɓa jin yana da ikon ba da jinin talakansa kyauta ba. Illar magani in ta zo, hantar mutum ɗaya take kamawa, kuma uwa ɗaya ce za ta yi jinyar yaron da ya kurumce har ya girma. Wanda zai ɗauki cutarwar a jikinsa shi ke da maganar ƙarshe, kuma wannan ba sai an aro daga Belmont ba. Iyayen Kano da suka shafe shekaru suna zarya a kotuna ba littafin falsafar Turai suka karanta ba kafin su san an zalunce su.

Batun matan aure ya fi wuya, kuma bai kamata a yi masa gaggawa ba. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin mijinta, kuma mai binciken da ya sa ta a gwaji a bayan idon miji yana iya jawo mata fitinar da ta fi ƙarfin amfanin binciken, har ta kai ga saki. Saboda haka sanar da maigida da neman fahimtarsa, in matar ta so a yi hakan, yana cikin kare ta. Sai dai akwai bambanci mai girma tsakanin "a'a" ɗin miji da "e" ɗinsa. In ya ƙi, kuma matar ta zaɓi ta bi ra'ayinsa don zaman lafiyar gidanta, an rasa mutum ɗaya a bincike, ba a cuci jikin kowa ba, ko da yake in abin ya yawaita za a wayi gari magunguna ba a san yadda suke aiki a jikin mata ba, wanda shi ma zalunci ne da ya kamata a yaƙa da wayar da kai. In kuwa ya yarda ita ba ta so, aka ɗauki yardarsa aka yi mata allura, an keta mata haddi kai tsaye. Don haka ko an sami izinin maigida, wajibi ne mace ta zauna da matar a keɓe, ta tambaye ta, ta kuma tabbatar mata cewa in ta ƙi ba za a kai ƙararta ba.

Suka ta biyu ta fito daga ɓangaren gaggawa: a lokacin annoba mutane na mutuwa, ina lokacin zaman bayani? Gine ta amsa wannan a 2015. A tsakiyar annobar Ebola, cutar da ta fi sanƙarau saurin kisa da firgitarwa, an gudanar da gwajin allurar rigakafi bayan kwamitocin ɗa'a sun duba shi, ana fara neman izinin gari, sannan a nemi yardar kowane mutum, kuma sakamakon farko ya fito a cikin shekarar. Gaggawa tana iya sa a gajarta takarda, a hanzarta zaman kwamiti, amma ba ta ɗauke minti goman da ake buƙata a gaya wa uwa gaskiya. Suka ta uku kuma tana cewa tsananta ƙa'ida zai kori masu bincike, talakawa su rasa magani. Tarihin sanƙarau kansa ya ƙaryata ta. Bayan annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama kimanin mutum 250,000 a faɗin yankin Sahel, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH sun haɗa kai da kamfanin Serum na Indiya aka samar da allurar MenAfriVac. An gwada ta a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, an sa mata farashin ƙasa da rabin dala don ƙasashen da ke fama da cutar su iya saye, aka fara bayar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010. Nau'in sanƙarau da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa a duk inda aka yi ta. Cuta ɗaya ce, yanki ɗaya ne, kuma binciken da ya bi ƙa'ida, wanda aka tsara tun farko don amfanin mutanen da aka gwada a jikinsu, shi ne ya kawo sauƙi.

Wannan bambanci yana kai mu ga abin da yarda ita kaɗai ba ta iya warwarewa. Nijeriya ta yi gyara bayan Kano: akwai kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, akwai kundin ƙa'idoji na 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin gindin zama. Ci gaba ne na gaske. Amma kwamiti yakan ga takarda ne a ofis, ba ya ganin abin da ke faruwa a zauren ƙauye, kuma inda mambobinsa ke aiki a cibiyar da kuɗin binciken ke ciyar da ita, cewa a'a yana yi musu nauyi kamar yadda yake yi wa talaka. Mafi muni, a garin da asibitin gwamnati ba shi da magani, shiga gwaji ita ce hanya ɗaya tilo ta ganin likita kyauta, kuɗin motar da ake bayarwa kuma yana iya fin abin da mutum ke samu a yini. A irin wannan hali bayani ko ya kai yaya kyau, ƙi yana da tsada. Shi ya sa nake ganin ya kamata kwamitocin ɗa'a su riƙa tambayar abu biyu da ba kasafai ake tambaya ba. Na farko, mutum nawa ne suka ƙi shiga ko suka fita? Binciken da ya tunkari ɗaruruwan mutane bai sami ko ɗaya da ya ƙi ba, abin bincike ne shi kansa. Na biyu, a tura wanda ba ya cikin tawagar, bayan mako ɗaya, ya tambayi wasu daga cikin waɗanda suka shiga da harshensu ko sun san gwaji ne, ko sun san za su iya fita, ko sun san inda za su in sun fita. Tambaya ta ƙarshe tana ɗora wa mai ɗaukar nauyin bincike wajibi, domin in amsarta ita ce babu inda za su, to kafin a ɗebi jinin kowa sai an tanadi maganin da aka saba da shi a wurin, a buɗe shi ga wanda ya shiga da wanda ya ƙi, a kuma rubuta kuɗinsa cikin kasafin binciken tun ranar da aka kai shi gaban kwamiti.